Gurbin Zakiyya

Ranar da Hammadu ya fara ganin Zakiyya, saura ƙiris ya bar ta a kwatar Wara. Jirginsa ya riga ya cika da buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi da mata masu saurin cin kasuwar Yelwa. Har ya kama igiyar inji zai ja, sai ya ji kira daga kan gaɓa.

"Kai mai jirgi! Dakata muna!"

Wani dattijo ne siriri mai farin gilashi, da biro uku a aljihun rigarsa. Kowa ya san shi, Malam Garba ne, tsohon hedimasta. A bayansa wata doguwar yarinya ce baƙa, ta rungume jakar leda a ƙirji kamar wadda aka ba ajiyar ƙwai.

"Hedimasta, babu wuri," in ji Hammadu.

"Akwai. Ɗiyata za ta ga sakamakon jarrabawar shiga jami'a. Buhu shi matsa."

Buhu kuwa ya matsa. Yarinyar ta zauna a katakon baya, dab da inji, fuskarta na kallon tasa. Hammadu ya yi shekara shida yana tuƙi a tafkin Kainji, bai taɓa ɗaukar hankalinsa daga kan ruwa ba sai ran nan.

"Mi ke cikin jakar ga, zinariya?"

"Lambar jarrabawata ce. In ta jiƙe, ni da kai ne."

"Mi za ki karanta?"

"Likita."

"To Likita, ɗaga ƙafarki, kin take mini tiyon mai."

Ta janye ƙafa da sauri, ta rufe baki da gefen gyale tana dariya. Tun daga nan sunan ya bi ta.

Sun yi nisa a tsakiyar ruwa, inda kan wata matacciyar giginya ya leƙo sama kamar yatsa, sai Malam Garba ya ɗaga hannu.

"Kashe injin."

Hammadu ya kashe. Jirgi ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Dattijon ya cire gilashi, ya buɗe tafukansa ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya shafa.

"Nan ne Gungun Tamada," ya ce wa Hammadu. "Uwata da ubana suna ƙasa nan. Shekara ashirin da huɗu ke nan da anka datse ruwa, anka kwashe mu zuwa Wara, anka ba mu ɗakunan siminti masu rufi kamar an kife jirgi. Amma ni baƙo nike can. Ko a takarda ban taɓa rubuta Wara ba."

"Hedimasta, gaishe su da sauri," in ji wata tsohuwa daga gaba, "kifina ba shi da dangi a ƙasan ruwa, kasuwa yake so."

Aka yi dariya, aka tashi inji.

Da la'asar suka dawo kwatar Yelwa, Zakiyya na tafe kamar ba ta taka ƙasa. An manna sakamako a bangon makarantar da suka yi jarrabawa, kuma makinta ya fi na kowa a shafinsu. Abin da ya rage shi ne jami'a ta ba ta gurbi, ta aiko da takardar admishan ta gidan waya.

A wancan lokaci wasiƙun Wara a Yelwa suke tsayawa, a ɗaure su ƙunshi guda, mai zuwa ya tafi da su. Malam Garba ya dubi Hammadu sama da ƙasa.

"Ka iya karatu?"

"Na yi aji biyu na sakandare a Shanga."

"Mi ya fid da kai?"

"Zama wuri guda ne ba ni iyawa, Hedimasta."

"Hm. To duk ranar kasuwa ka leƙa gidan waya, ka tambayi wasiƙar Zakiyya Garba."

Haka aikin ya faɗo hannunsa. Mai rarraba wasiƙu a lokacin wani baƙo ne, Malam Audu, wanda aka turo daga Zuru bayan an yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Duk ranar kasuwa Hammadu zai jingina da kanta ya ce, "Ƙunshin Wara." Malam Audu ya kwance zare, su bi wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan sanda, ta mai kantin magani, ta limami. Babu ta Zakiyya.

Da yamma kuma zai je ƙofar gidan Hedimasta ya yi sallama, ta fito ta tsaya a bakin zaure. Ba ta tambaya da baki. Hannunsa kawai take kallo.

Don kada ya riƙa zuwa hannu rabbana, sai ya fara sayo mata tsofaffin takardun tambayoyi a wurin mai littattafai. A tsakiyarsu yake saƙa 'yar takarda.

"Likitata. Yau ma babu, amma ruwa ya kwanta lafiya kuma na tuna ki sau goma sha ɗaya tsakanin Yelwa da Wara. Da sun san wadda suke sa wa jira da sun ji kuunya. Ki ci abinci. Naki, Hammadu."

Amsa kan dawo a cikin littafin da ta gama.

"Sarkin Ruwa. Sau goma sha ɗaya kawai a tafiyar awa uku? Ka faɗi jarrabawa. Kuma ba a rubuta kunya da u biyu. Na ci abinci. Ka kula da kututturan bakin giginya, Inna ta ce ruwa ya fara ja. Z."

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Waɗanda aka ɗauka suka ɗaure akwati suka tafi. An ce jaridu na buga sunaye kashi-kashi, amma jarida ba kullum take isowa Yelwa ba, ranar da ta iso kuma sai ka ga samari ashirin sun dunƙule kan shafi ɗaya a gindin bishiyar mai jarida, kowa na bin layi da yatsa, yana haɗiyar yawu. Hammadu kan kutsa cikinsu da warin man inji a jikinsa. Bai ga sunanta ba.

"Ba komai," in ji Malam Garba. "A sake."

Ya sayo sabon fom, ya zauna a tabarmarsa ya cike shi da kansa, kamar na farko, da kyakkyawan rubutunsa na malaman da. Ba ya bari kowa ya taɓa, wai yaran yanzu rubutunsu kamar tafiyar kaza.

Shekara ta biyu ta zo da yajin aikin malaman jami'a. Aka rufe makarantu wata da watanni, da aka buɗe sai ɗaliban shekara biyu suka haɗu a ƙofa ɗaya. Makin da ya isa bara bai isa bana ba. Ana cewa a cikin goma da ƙyar a ɗauki ɗaya, a fannin likita kuwa ko a cikin talatin. Zakiyya ta sake ci, amma ƙasa da na farko. Aka sake jira.

A cikin wannan jiran ne Hammadu ya tura kawunsa Gambo neman izini. Malam Garba ya karɓe shi da mutunci, ya sallame shi ba amsa, sannan ya aika a kira masa yaron da kansa.

"Zauna, Hammadu. Ba ni da abin faɗi a kan halinka. Amma na rantse da Allah, Zakiyya ba ta shiga ɗakin miji sai ta shiga jami'a. Mutanen gungunmu an raba mu da ƙasa, an raba mu da kabarin iyaye. Abu guda nike so in gani kafin in mutu, ɗan Gungun Tamada ya zauna a ajin jami'a. Kuma in ta shiga, ka tambayi kanka, likita da direban jirgi, ina za su zauna su yi hira?"

"A jirgi, Hedimasta."

"Ba wasa nike ba."

"Ni ma haka."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. "Kawo wasiƙar tukuna," ya ce.

Ranar, a hanyarsa ta komawa kwata, wani tunani ya shigo zuciyar Hammadu wanda bai gayyata ba. In wasiƙa ta zo, za ta tafi birni shekara shida, cikin masu takalmi sau ciki da Turanci a hanci. In ba ta zo ba, watakila tsoho ya gaji ya sassauta. Kafin ya kama kansa har ya ce a ransa, Allah Ya sa kada ta zo. Ya yi istigfari nan take, amma maganar ta riga ta zauna masa kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Ba ta zo ba kuwa.

A shekara ta uku Zakiyya ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa. Ƙawayenta biyu sun yi aure, ɗaya na goyo. In ta fita ɗibar ruwa sai ta ji ana cewa, "Likita, yaushe za a buɗe asibitin?" Ta daina fita. Ta zauna jarrabawa karo na uku da zazzaɓi a jikinta.

"Likitata," in ji Hammadu wata yamma a bakin zaure.

"Don Allah ka daina kirana haka."

"Mi ya faru?"

"In ka faɗa ji nike kamar ana mini dariya. Hammadu, na gaji. In na rufe ido layin sunaye nike gani, ina bi ina bi, in na kusa harafina sai takardar ta ƙare. Baba ba ya kallon idona. Inna na kuka a madafa tana cewa hayaƙi ne. Kai ma na tsare ka shekara uku."

"Wa ya ce kin tsare ni? Ni da ba ni iya zama wuri guda, ga shi na zauna. Ai magani kika yi mini tun ba ki fara karatun ba."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba.

A wannan daminar ne Hafizu ya shigo maganar. Ɗan wani abokin Malam Garba ne, ya gama jami'a, ya samu aiki a sabuwar sakatariyar jiha a Birnin Kebbi, yana zuwa Wara a kan babur mai ƙyalli. Bai ɓoye abin da ke ransa game da Zakiyya ba. Ya ce wa Hedimasta zamanin jiran wasiƙa ya wuce, yanzu sai an bi sawu, kuma yana da aboki a ofishin ɗaukar ɗalibai. Ya karɓi lambobinta na shekara uku ya tafi.

Bayan mako biyu ya dawo. Hammadu na isowa da yamma ya tarar da zauren cike: Malam Garba, Hafizu, da dattawan unguwa uku. Ba wanda ya amsa sallamarsa da ƙarfi.

"Maimaita a gabansa," in ji Malam Garba.

Hafizu ya gyara zama. "An buɗe mini rajista na gani da idona. Tun shekarar farko anka ba Zakiyya gurbin likita, a kashi na biyu. An aiko da takarda. Ba ta je ba, anka ba wani." Ya juyo. "Baba, ni ban ce komai ba. Amma wa ke ɗauko wasiƙa? Kuma wa zai yi asara in ta tafi? Ba a ba kura ajiyar nama."

Hammadu ya ji kamar jirgi ya hau kututture da shi. "Wallahi ban ga wasiƙa ba. A tambayi Malam Audu."

"Malam Audu ƙunshi yake ba ka," in ji ɗaya daga cikin dattawan. "Abin da ya faru tsakanin Yelwa da Wara, kai da ruwa kunka sani."

Sai ga Zakiyya a ƙofar cikin gida, ta riƙe bango. Ba ta damu da dattawan ba.

"Hammadu, dube ni. Ka ɓoye?"

"Ban ɓoye ba."

"Ka taɓa so kada ta zo?"

Da ya iya ƙarya da ya tsira. Ya buɗe baki, ƙayar nan ta motsa. Ya sunkuyar da kai.

"Sau ɗaya," ya ce. "A zuciya kawai. Amma Zakiyya..."

Ta riga ta juya. Malam Garba ya nuna masa ƙofa da sandarsa.

"Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya gama Wara. Matan da suka saba cika jirginsa suka koma na wasu. Yana wucewa a kwata ana cewa a ɓoye takardu, ga kifin da ke cin wasiƙa. Ya je wurin Malam Audu, suka zazzage ƙunshin Wara da na Ngaski da na Shanga, suka duba bayan kabad, babu. Littafi na ƙarshe da ta dawo masa da shi ta hannun kawunsa, ya girgiza shi, takarda ta faɗo.

"Hammadu. Shekara uku ina kallon hannunka. Ban san abin da zan gaskata ba. Kada ka rubuto."

Ba Sarkin Ruwa, ba Z.

Ya yi wata biyu yana tuƙa buhuna, don buhu ba ya gulma. Ya yi tunanin sayar da jirgin ya gangara kudu inda ba a san shi ba. Ya ji an ce Hafizu na zuwa duk Asabar, kuma Zakiyya ba ta fitowa.

Wata safiya yana tafe shi kaɗai da lodin albasa, ruwa ya ja sosai, giginyar nan ta fito har wuya. Bai san lokacin da hannunsa ya kashe inji ba. Sabo ne, shekara uku yana yi wa tsohon. Jirgi ya yi tsit. Ya zauna yana kallon ruwan, yana jin muryar dattijon kamar yana kan katakon gaba. Nan ne Gungun Tamada. Ni baƙo nike can. Ko a takarda ban taɓa...

Hammadu ya miƙe tsaye har jirgin ya yi tangal-tangal.

Da ya isa Yelwa bai tsaya sauke albasa ba. Da gudu ya shiga gidan waya.

"Malam Audu! Ba Wara ba. Gungun Tamada. Akwai wasiƙar Gungun Tamada?"

Malam Audu ya sauke biro. "Wannan garin da aka ce yana ƙarƙashin ruwa? Da na zo na yi ta tambaya, kowa ya ce babu shi. Akwai irinsu da yawa." Ya shiga ciki ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. "Na garuruwan da ruwa ya ci ne. Ban yar ba, don wani lokaci tsofaffi kan zo nema. Wanda na gada shi ya san inda aka mayar da kowane gungu, a kansa yake riƙe da su. Ya yi ritaya watan da na zo, bai daɗe ba ya rasu."

Tana can kusa da ƙasa. Ambulan ruwan ƙasa, gara ta ɗan ci gefe ɗaya. Irin ambulan ɗin nan ne da mai neman gurbi ke rubuta adireshinsa da kansa ya haɗa da fom. Rubutun mai kyau ne, a tsaye, na malaman da: Zakiyya Garba, Gungun Tamada, ta hannun gidan waya na Yelwa. Hatimin da ke kai ya nuna shekara biyu da wata bakwai.

"Innalillahi," in ji Malam Audu. "Kullum Wara kake ce mini."

"Wara na sani."

A hanyar dawowa Hammadu ya sa wasiƙar a cikin rigarsa, tana taɓa fatarsa. Ya san abin da ke cikinta zai wanke shi. Ya kuma san abin da zai yi wa tsohon. Da ya zo giginya bai kashe inji ba, amma ya rage gudu, ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya ƙara mai.

Bai je zaure ba. Ya jira Malam Garba a bayan masallaci bayan la'asar, sai da mutane suka watse.

"Na ce kada in sake ganinka."

"A ƙofar gidanka ka ce, Hedimasta. Ga saƙo. Ba wanda ya gani sai ni da Malam Audu, kuma ba wanda zai ji daga bakina."

Dattijon ya karɓa. Ya gyara gilashi. Bai buɗe ba, bayan ambulan ɗin kawai yake kallo. Hammadu ya ga leɓensa na bin adireshin harafi-harafi. Sai ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da farar rigarsa.

"Shekara ashirin wasiƙuna na iske ni da wanga adireshi," ya ce da wata murya ƙarama. "Shekara ashirin." Ya ɗaga kai. "Ni na nutsar da ita. Da hannuna, da birona. Sau uku."

"Ka ce an same ta bayan kabad. Ni zan ce haka."

"In bar ka da sunan ɓarawo rabi, in tsira da nawa?" Ya girgiza kai. "Na koyar da yara shekara talatin kada su yi ƙarya. Kama ni in tashi."

Ranar Juma'a bayan an sallame, Malam Garba ya miƙe a gaban jama'a ya ɗaga ambulan ɗin. Ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce duk wanda ya kira Hammadu da mugun suna, daga bakinsa shi Hedimasta ya ara, laifin nasa ne shi kaɗai. Dattawan nan uku suka sunkuyar da kai.

Ya tafi jami'ar da kansa da wasiƙar a hannu, kwana biyu a mota. Suka saurare shi, suka tausaya, suka ce gurbin shekara uku baya ba ya dawowa, wanda aka ba har ya kai aji uku. Ya tambayi na bana. Aka duba. Makinta ya gaza da bakwai.

Hafizu ya zo kwata ya ba Hammadu hannu, ya ce abin da ya gani ya faɗa, amma fassarar tasa ce kuma ya yi kuskure. Daga nan babur ɗinsa bai sake zuwa Wara ba.

Zakiyya ta yi kwana uku a ɗaki. Inna ta ce tana zaune da wasiƙar a cinya, tana karanta layin farko, inda aka ce ana taya ta murna. A rana ta huɗu kawu Gambo ya kawo wa Hammadu wani littafi.

"Sarkin Ruwa. An ɗauke ni. Ashe tun farko an ɗauke ni. Ban san ko in yi kuka don na samu ko don na rasa ba. Na tambaye ka gaskiya, ka ba ni, na hukunta ka da ita. In kana iya yafewa, ka zo. In ba ka iyawa, ban ga laifinka ba. Z."

Ya zo tun littafin bai huce daga hannun kawu ba. Ta fito bakin zaure. Wannan karon fuskarsa ta kalla, ba hannunsa ba.

"Ka yafe?"

"Ni ma ina da abin da za a yafe mini. Wancan sau ɗayan."

"Na yafe shi tun ran da ka faɗa. Haushi ne ya hana ni sani." Hawaye suka zubo mata. "Hammadu, da yanzu ina aji uku."

"Na sani."

"Kaina ya gaji. Ban san ko zan ƙara ci ba."

"In kin so ki sake, ni mai kai ki ne. In ba ki so, ba wanda zai tilasta miki. Amma sunan nan ba ni fasa shi, don yanzu ina da takarda. Hukuma ta ce Likita."

Ta yi dariya cikin kuka, irin ta ranar tiyon mai.

Malam Garba ya je wurin liman ya tambayi hukuncin rantsuwarsa. Ya ciyar da miskinai goma, ya aika wa kawu Gambo cewa a turo. An ɗaura aure bayan sallar Juma'a a masallacin da ya tsaya ya tona kansa. Ba a yi wani babban biki ba, gidan bai da zuciyar kiɗa. Amma matan kasuwa da suka guje wa jirgin Hammadu su suka cika tsakar gida da tukwane, tsohuwar nan mai kifi tana ta faɗin ita dama ba ta taɓa yarda ba. Inna ta riƙe hannun ɗiyarta ta sa a na gwaggon ango, ta ce Allah Ya sa jiran da kika yi shi ne wahalarki ta ƙarshe.

Kwana tara da biki aka fara sayar da fom na sabuwar shekara. Su uku suka je Yelwa, suka sayo, suka kamo hanyar gida da rana tsaka. Da suka kai giginya Hammadu ya kashe inji ba tare da an ce masa ba.

Malam Garba ya yi wa iyayensa addu'a kamar kullum. Sannan ya juyo ya ɗora hannu ɗaya a kan Zakiyya, ɗaya a kafaɗar Hammadu.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Abin da na ɓata muku, Allah Ya mayar da mafi alheri."

"Amin, Baba."

Ya zaro sabon ambulan daga cikin fom ɗin, ya ciro biro ɗaya daga aljihu. Ya dube shi, ya dubi ruwan. Sai ya miƙa wa Zakiyya duka biyun.

"Rubuta da hannunki. Inda kike, ba inda nike ba."

Ta ɗora ambulan a gwiwa, jirgi na lilo a hankali, ta rubuta: Zakiyya Garba, ta hannun Hammadu mai jirgi, Kwatar Wara. Ta nuna wa mijinta. Ba wanda ya san ko wani abu zai dawo a cikinsa, a shekarar da ake cewa masu nema sun ninka.

Dattijon ya karanta, ya gyaɗa kai, ya share gilashinsa da bakin riga.

"Tada injin, ɗana," ya ce. "Mu tafi gida."